A Sauya wa Kaya Wuri, ko a Bar Su Inda Hannu Ya Saba?

Shagon ƙauye a ƙasar Ƙonni ɗaki ne guda, na laka ko na bulo, da rufin kwano da ƙofa ɗaya mai kallon hanya. A bakin ƙofar akwai tebur da ya raba mai saye da mai sayarwa. Bayan teburin mai shago ne, a tsaye ko bisa benci, bayansa kuma katako uku ko huɗu da aka kafa a bango, an jera musu gwangwanayen tumatir, kwalayen shayi, sabulu, ashana da batir. Buhunan shinkafa da sukari suna ƙasa, jarkar mai tana lungu, ledojin omo da na madara suna reto a igiya. Wanda ya san shago ɗaya a Bazaga, in ya je na Tsarnawa ko na Malbaza ba zai yi baƙunta ba. Da yawansu, tun ranar da aka buɗe su gishiri bai taɓa barin inda aka fara ajiye shi ba.

A kan wannan ɗan ɗaki ake wata gardama da ta ƙi ƙarewa, yawanci tsakanin uba da ɗansa, ko tsakanin maigida da yaron shagonsa. Yankin Tawa gidan ƴan ci-rani ne. Da an gama kaka samari sun kama hanyar Sakkwato, Kano, Legas ko Abijan, wasu har Aljeriya da Libiya. In sun dawo da faɗuwar damina, ba kuɗi kaɗai suke dawowa da shi ba, har da abin da idonsu ya gano a manyan kantuna. Sai ka ji yaro ya ce:

"Baba, kayan nan sun daɗe wuri guda har ido ya daina ganinsu. Mu sauke su mu sake jeri, na baya su zo gaba."

Tsoho ya ce: "Kai dai ka cika son sabon abu. Wanda ya zo sayen gishiri ya san abin da ya fito da shi daga gida. Bar mini kayana inda hannuna ya san su."

Kowannensu na da hujja, kuma ba ta wasa ba, don abin da ke kan katakan nan shi ne jarin gidan gaba ɗaya.

Dabarar da yaron ya zo da ita tana da asali. Kafin 1916 kantin kayan abinci a Amurka ma irin namu ne: ka tsaya bakin kanta, ka faɗi abin da kake so, a ɗauko maka. A shekarar ce wani ɗan kasuwa, Clarence Saunders, ya buɗe kanti mai suna Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda mai saye ke shiga da kwando, ya bi layi-layi yana ɗibar kaya da hannunsa, ya biya a bakin fita. Daga ranar da aka bar mai saye ya shiga ciki, inda aka ajiye kaya ya zama rabin ciniki. Manyan kantuna suka koyi kai abin da kowa ke nema, irin su madara, can ƙurya, don sai mutum ya ratsa sauran kaya kafin ya kai gare shi. Suka koyi sa kayan da suka fi riba daidai tsayin ido, har kamfanoni ke biyan kuɗi don a ba kayansu wannan gurbi. Suka jera alewa a inda ake biyan kuɗi, inda uwa ke tsaye a layi yaro na jan rigarta. Sauya jeri lokaci-lokaci ma daga nan ya fito. Wanda ya haddace kanti zai shiga ya ɗauki abu uku ya fice. In aka ɓata masa hanya sai ya yi yawo, cikin yawon kuma ya ci karo da abin da bai yi niyyar saye ba. Wani Ba'amurke, Paco Underhill, ya yi shekaru yana lura da yadda mutane ke kai-komo a cikin kantuna, ya fitar da littafi a kan haka a 1999. Abin ya kai har hukuma ta sa baki: tun Oktoban 2022 doka a Ingila ta hana manyan kantuna jera kayan zaƙi da na maiƙo a bakin ƙofa, a ƙarshen layi da wurin biyan kuɗi. Da mazaunin kaya ba ya sa mutane saye, da ba wanda zai yi masa doka.

To, amma duk waɗannan dabaru a kan abu ɗaya suke tsaye, shi ne mai saye ya shiga ciki ya zaga. A Bazaga ba ya shiga. Yana waje, tebur ya tare shi. In ka birkita jeri a irin wannan shago, mutum ɗaya ne zai ɓata, shi ne mai shagon. Ka tsaya bakin shago tsakanin la'asar sakaliya da isha'i, lokacin da mata suka ɗora tukunya yara ke zuwa bi da bi, wannan magi, wannan ƙullin mai, wannan ashana. In duhu ya yi, fitilar ɗan kwan sola ce ko tocila a maƙale tsakanin wuya da kafaɗa. Mai shago yana magana da wani, yana ƙirga canjin wani, hannunsa na hagu ya miƙa baya ya ɗauko magi ba tare da ya waiwaya ba. Wannan hannun shekaru ya yi yana koyo. Ranar da aka sauya masa wuri sai ya koma lalube, yara su taru, lissafi ya rikice, a ba wannan canjin wancan. Kuma ba shi kaɗai ke zama ba. In ya tafi masallaci, ko gona da damina, ko sari Ƙonni, ƙanensa ne ko ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ke tsare wurin, kuma abin da yaron ya sani na farashi yawanci da gurbin kaya ya haddace shi: na katakon sama kaza, na kusa da ƙofa kaza.

Sannan a dubi su wa ke sayen. Matan aure da yawa ba sa zuwa shago da ƙafarsu, aike suke yi. Yarinya ce ƴar shekara shida za ta zo da kuɗi dunƙule a hannu, sun jiƙe da gumi, ta ɗaga kai don tebur ya fi ta tsawo, ta ce: "Baba, inna ta ce a ba ni wancan, na dala biyar." Ta nuna da yatsa. Ba ta san sunansa ba. Abin da ta sani shi ne jan nan da ke kusa da ashana, wanda aka ba ta jiya da shekaranjiya. In ta duba ba ta gan shi a wurinsa ba, ko ta koma gida ta ce babu, ko ta karɓi wani ta sha faɗa. Manya ma haka. Rubutun da ke jikin kwali na Faransanci ne ko Turanci, mafi yawan masu saye a ƙauyukanmu kuwa ba sa karanta boko, ko da sun sauke Alƙur'ani. Da launi da siffa da mazauni suke gane kaya. Ga tsohuwar da idonta ya yi rauni, zaman sabulu a inda ta saba ganinsa shi ne allon sanarwarta.

Tsohon yana da al'adar kasuwa a bayansa. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma abin da ya sa baƙo ke iya samun abin da ya zo nema a cikin lungunanta shi ne kowace sana'a da layinta. Kasuwar Ƙonni ta ranar Laraba ma haka, ƴan hatsi da wurinsu, ƴan dabbobi da nasu, ƴan koli da nasu. Mutumin ƙauye ya sauka daga mota ya miƙe kai tsaye inda zai je. A wurinmu tabbata wuri guda wani ɓangare ne na amana: an san inda za a same ka, an san inda za a dawo maka da kaya in ba su yi ba. Ƙauye kuma ba ya rasa masu ido. In aka wayi gari aka ga katakai a sauke, ko aka ga an baza gwangwani shida a inda da ake tara ashirin, kafin azahar magana ta zaga cewa wane ya karye. Wannan magana in ta kai kunnen Alhajin da ke ba shi kaya bashi a Ƙonni, ko kunnen waɗanda yake bi bashi, illarta ta fi ribar sabon jeri. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawancin masu ƙananan shaguna suna da littafin bashi, amma ba su da littafin kaya. Jerin nan shi ne littafinsu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: mai shago na dawowa daga salla ya ɗaga kai, ya san an taɓa batir, don ya ga giɓi inda bai bar giɓi ba. Kullum-kullum sauyi yana kashe masa wannan ido.

Hujjar da na fi ganin nauyinta a ɓangaren tsoho ita ce ta bashi, kuma ban cika jin masu kawo shawarar birni sun amsa ta ba. A babban kanti, wanda aka ja hankalinsa ya ɗauki abin da bai yi niyya ba, nan take zai biya kafin ya fita. A ƙauye ba haka ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, abin da ka fito da shi gaba ya shiga idon mutane za a ɗauka, amma da sharaɗin sai kaka, ko sai yaro ya aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza. Mai ɗaukar kuwa maƙwabcinka ne, ko surukinka, ko limamin unguwa, ba wanda za ka iya cewa a'a ka kwana lafiya. Ke nan duk ƙoƙarin da ka yi na tayar wa mutane sha'awa, sakamakonsa kaya su tashi daga katako su koma littafi. Ciniki ya ƙaru a ido, ranar sari kuma ka buɗe akwati ka ga ba abin zuwa Ƙonni. Abin da ke taƙaita ciniki a Bazaga ba rashin gani ba ne, rashin kuɗi ne, kuma jeri ba ya haifar da kuɗi a aljihun manomi. Mai shagon da ya san garinsa har ɓoye wasu kaya yake yi a irin wannan lokaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Duk da haka ban yarda a bar shago yadda yake shekara da shekaru ba, domin inda hannu ya saba zuwa yana da kishiya, wato inda hannu bai taɓa zuwa ba. Ka sa mai shago ya janye kwalin da ya fi daɗewa a lungu, ka tsaya ka gani. Gindin kwalin ya rage a ƙasa, gara ta cinye shi ta gina hanyarta a bango. Bayansa kashin ɓera ne da ledar taliya da aka huda. Gwangwanin tumatir biyu sun yi tsatsa, ɗaya ya kumbura. Madarar gari ta dunƙule ta zama dutse, kwanan watan da ke jikinta ya wuce tun bara. Ba sakaci ne na ganganci ya kawo haka ba. Duk ranar da aka dawo daga sari an gaji, sabon kaya a gaba ake ajiye shi don nan ya fi sauƙi, tsohon ya ƙara matsawa baya, haka har ya ɓace. Ga yanayinmu kuma ba ya raga wa kaya. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, katakon da ke dab da rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Mai, madara, alewa da ƙwayoyin ciwon kai da ake ajiyewa can sama suna lalacewa tun kwanansu bai cika ba. A Agusta kuma ƙasa ce ke tsatso, buhun sukarin da aka jingina da bango ba tare da katako a ƙarƙashinsa ba ya sha danshi. A ce jarin mutum jika ɗari uku ne, kayan jika talatin sun yi kwantai a lungu. Kashi ɗaya cikin goma na dukiyarsa ke nan yake barci, a sana'ar da ribarta dala-dala ake tara ta. Mutane da yawa da ke kukan an yi musu sata ko an yi musu baki, da za su sauke katakansu da sun ga inda kuɗin ya shiga. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Tsohon ba wawa ba ne, amma turken na nan.

Dalili na biyu, shekara ba fuska ɗaya gare ta ba. Abin da ake nema da azumi, sukari, dabino, madara, shayi, ƙanƙara ga mai firjin sola, ba shi ake nema da jajibirin salla ba, lokacin da ake tambayar man girki, taliya, kayan ƙamshi, turare da lalle. Oktoba in yara za su koma lakol, kaye da bik da alli ne. Hunturu na zuwa da neman man shafawa da ganyen shayi, damina da maganin sauro da batir. Azumin kansa ba ya zama wata guda na boko, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka wanda ya jera shagonsa daidai da azumin tsakiyar bazara, in azumi ya faɗo cikin sanyi lissafinsa ya sauya. Mai tebur a bakin tasha ya fi mai shago sanin wannan, saboda kowane dare yana kwashe kayansa, kowace safiya yana sake jera su, kuma abin da ya ga ana tambaya jiya shi yake sawa gaba yau. Ba wanda ya taɓa cewa mai tebur ya rikita masu sayensa. Cewa kuma mai saye ba ya shiga ciki gaskiya ne, amma ai ba makaho ba ne. Yana ganin abin da ke kan tebur, da na igiya, da katakon da ke daidai kan mai shago. Wanda ya wuce bisa babur ma yana ganin abin da aka fito da shi bakin ƙofa. Wannan fuskar shagon ita ce kaɗai tallar da mai ƙaramin jari ke da ita, kuma kyauta ce.

Na uku ya shafi inda Allah Ya ajiye mu. Tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya ƴan kilomita ne, kuma kaso mai yawa na abin da ke kan katakan shagunan wannan yanki ta nan yake shigowa, musamman ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Tsakanin rufewar biyu an cire tallafin fetur a Najeriya, naira ta faɗi, lissafin canji tsakaninta da sefa ya riƙa juyawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya abin da mai shago ke samu ya saro. Omon da aka saba ya ɓace, wani ya maye gurbinsa. Taliyar da ke zuwa daga kudu ta yi wuya, ta Aljeriya da ke biyowa ta Agadas da Tawa ta fi samuwa. A nan hujjar tsoho ta masu gane kaya da ido take juyawa ta zama ta yaro. Mutumin da ba ya karanta suna ba zai taɓa tambayar abin da bai gani ba. In sabon kaya ya zo ka cusa shi a gurbin da ya samu a baya, zai zauna har ya lalace, kai kuma ka ce mutanen garin nan ba sa son sabon abu, alhali ba ka nuna musu ba. Dole ya zo gaba, a taɓa shi, a tambayi kuɗinsa, ka ce: "Hajiya, wancan da kika saba ya yanke, ga wanda ya zo, gwada na dala goma ki gani." Samarin yanzu kuma babur gare su, in shagon unguwa ya yi kama da wanda ba a kula da shi, ƙura ta rufe gwangwanaye, Ƙonni ba nisa.

Addini ma ya shigo maganar ta ƙofa biyu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ɗan kasuwar da kayansa ke shiga suna fita kullum ana so ya tsayar da wata guda a shekara, ya yi wa kayan shagonsa kima, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Ta yaya wanda bai san abin da ke bayan kwalayensa ba zai yi wannan kima? Ko ba don ciniki ba, sau ɗaya a shekara sai an sauke kaya an ƙirga. Ƙofa ta biyu hadisin nan ne da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu a ciki ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Wannan magana kai tsaye a kan jerin kaya take. Abin da ka sa a sama da abin da ka sa a ƙasa ba ado ba ne kawai, shaida ce kake bayarwa a kan kayanka.

Da wannan ma'aunin nake raba sauyin da na yarda da shi da wanda nake ƙi. Ka jawo tsohon kaya mai kyau gaba don ya fita kafin sabo, wannan tattali ne, kuma in ya kusa kwanansa ka faɗa ka yi rangwame. Amma ka jawo wanda ya riga ya lalace ka sa daidai inda yarinyar nan za ta nuna da yatsa, don ka san ba ta karatu kuma uwarta ba za ta fito ba, wannan algus ne, ko da ba ka furta ƙarya ko ɗaya ba. Haka nake ƙin dabarar nan ta sauko da alewa da cingam daidai idon yaron da aka aiko da kuɗin cefane. Canjin da ya kamata ya koma hannun uwarsa zai tsaya a shagonka, yaron ya koyi taɓa abin da aka ba shi amana, kai kuma ka sami dala biyu. Ingila, da ta fi mu manyan kantuna, ta ga illar abin har ta taƙaita shi, ba dalilin da za mu ɗauko shi mu kawo ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne.

Ni a ganina uban da ɗan ba a kan kaya ɗaya suke magana ba, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa. Tsoho yana tunanin gishiri, magi, sukari, ashana, mai da sabulun wanki, abin da ake tambaya sau hamsin a yini. A kan waɗannan shi ke da gaskiya ɗungurungum. A bar su inda suke, kusa da hannun dama, shekara goma ma in ta kama, sai dai a riƙa juya na ƙasa zuwa sama. Yaro kuwa yana tunanin tebur da igiya da bakin ƙofa, da kayan da ke zuwa da lokacinsu su wuce. A nan shi ke da gaskiya, kuma da uban zai sakar masa wannan yanki kaɗai ya ce ya yi yadda ya ga dama, da an huta. Zai koyi sana'a a kan ƴan kaya kaɗan, in ya yi kuskure asarar ba ta da yawa, kuma zai ji yana da abin da ya tsayar da shi a gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da samari ke ganin arziki sai an ƙetare iyaka. Yaron shagon da ba a taɓa bari ya matsar da ko kwalin ashana ba, ranar da aka bar masa shagon bai san komai ba sai miƙo kaya.

Akwai kayan da batunsu ba na ciniki ba ne, na rai ne, kuma a kansu ba na sassauci. Fiya-fiya, maganin ɓera, maganin ƙwarin gona, kananzir da fetur na kwalba su sami wurinsu daban, nesa da abinci, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma in an samar musu wurin kada a sake taɓa shi. Sau da yawa a cikin gorar lemo ko ta ruwa ake zuba su, kuma hatsarin ya fi yawa daidai ranar da ake sauye-sauye, kaya zube a ƙasa yara na shiga suna fita. Sabulu da omo ma kada su jingina da sukari, gari ko ganyen shayi, don warinsu na shiga, kuma matar da ta sha shayi mai ɗanɗanon sabulu sau ɗaya ba za ta sake aiko ɗanta wurinka ba.

Babban saukewa, wanda za a fitar da komai a share a duba bango da rufi, sau biyu a shekara ya isa. Ɗaya a ƙarshen bazara kafin ruwan farko, don a toshe yoyo, a ɗaga buhuna bisa katako, a sauko da abin da zafi ya gasa. Ɗaya bayan kaka, lokacin da ake biyan bashi kuɗi ya shigo gari, mai shago na shirin babban sari yana bukatar sanin abin da ya rage masa kafin ya sayo wani a kansa. A yi shi ana gobe sari, lokacin da katakai suka fi sauƙi, ko da safiyar Laraba da rabin gari ya tafi kasuwar Ƙonni, a gama kafin yaran cefane su fara zuwa. A kuma yi shi ƙofa buɗe, duk wanda ya tsaya ya tambaya a ce masa shara ake yi da ƙirga, don kada mai wucewa ya ga katakai wayam ya kai labarin da ba shi ba.